Tocila Mai Haske Hawa Uku: Wane Hawa Ya Fi Tsimin Batir?

A yau da wuya a shiga gida a karkara ba a tarar da tocila ba. Manomi na da ita. Makiyayi na da ita. Mai shayi da mai tireda da 'yan sintiri duk suna da ita. Uwargida ma da ita take duba tukunya idan girki ya kai dare.

Yawancin tocilolin da ake sayarwa a kasuwa yanzu suna da haske hawa biyu ko uku. Idan aka danna maɓalli sau ɗaya, sai haske mai ƙarfi ya fito. Idan aka sake dannawa, sai ya ragu. A karo na uku ya ƙara raguwa, ko kuma ya riƙa walƙiya. Mutane da yawa ba su damu da wannan ba. Suna dannawa sau ɗaya su ci gaba da aikinsu. Bayan kwana biyu sai a ji suna kukan batir ba ya daɗewa.

Sau da yawa laifin ba na batir ba ne. Hawan da aka ajiye tocila a kai shi ne ke cinye shi. Wanda ya gane wannan zai rage kashe kuɗi. Zai kuma tsira daga mutuwar tocila a tsakiyar hanya cikin dare.

Tocilar da da ta yanzu

Tocilar da tana da ƙwai na gilashi mai siririn zirin waya a ciki. Wutar batir ce ke gasa zirin har ya yi ja, ya ba da haske. Irin wannan ƙwai maɓarnaci ne. Idan aka raba ƙarfin batir kashi 10, kashi 9 ko fiye zafi yake zama. Ɗan abin da ya rage shi ne haske.

Tocilar yanzu tana da wani irin ƙwai da ake kira LED. Ba shi da ziri. Wani ɗan ƙaramin dutse ne da aka sarrafa a masana'anta, wanda ke fitar da haske da zarar wuta ta ratsa shi. An fara yin mai jan haske a Amurka a shekarar 1962. A 1993 aka samu mai shuɗin haske mai ƙarfi a Japan, kuma daga shi ne aka yi mai farin haske, aka fara sayar da shi a 1996. Masana uku da suka yi wannan aiki, wato Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samu babbar kyautar Nobel a shekarar 2014.

Da wuta iri ɗaya, ƙwan LED mai kyau yakan ba da haske wajen ninki 10 na ƙwan tocilar da. Shi ya sa ya kore ta daga kasuwa, ya kuma rage wa fitilar ƙwai da aci-balbal aiki. Amma duk tsiminsa, shi ma yana cin batir. Yawan cin nasa ya danganta da hawan da aka kunna.

Batir kamar randa yake

Hanya mafi sauƙi ta gane batir ita ce a ɗauke shi kamar randar ruwa. Randa tana da iyakar abin da take ci. Idan ana ɗiba da babbar ƙwarya, nan da nan za ta ƙare. Idan da moɗa ake ɗiba, za ta kai wasu kwanaki. Randar ɗaya ce, ma'aunin ɗiba ne ya bambanta.

A jikin batir mai caji akan rubuta lamba, a bi ta da haruffa uku: mAh. Wannan lamba ita ce girman randar. Batir mai 2,000 mAh ya ninka mai 1,000 mAh.

Shi kuma haske ana auna shi da wani ma'auni da ake kira lumen. A kwalin tocila akan taƙaita shi da haruffa biyu: lm. Kyandir guda ɗaya yana ba da wajen lumen 12. Da wannan mutum zai iya kwatanta sauran.

Lissafi mai sauƙi

Ga misali domin a gane. A ɗauki tocila mai ƙwai ɗaya da batir mai caji na 2,000 mAh. Lambobin da ke ƙasa misali ne, domin kowace tocila da nata. Amma sun yi kusa da abin da ake samu a tocila mai kyau irin wannan.

Babban hawa yana jan 1,000 a kowace awa. Yana ba da wajen lumen 300. A raba 2,000 da 1,000, an samu awa 2.

Hawan tsakiya yana jan 250 a kowace awa. Yana ba da wajen lumen 90. A raba 2,000 da 250, an samu awa 8.

Ƙaramin hawa yana jan 50 a kowace awa. Yana ba da wajen lumen 20. A raba 2,000 da 50, an samu awa 40.

Batir ɗaya, tocila ɗaya, amma daga awa 2 zuwa awa 40. Kuma ƙaramin hawan nan da ake rainawa ya fi kyandir haske.

Yanzu a duba wata guda. A ce gida yana kunna tocila awa 2 kowane dare. A kwana 30 ya zama awa 60. Idan babban hawa kaɗai ake kunnawa, sai an kai caji sau 30 a wata, wato kullum. Idan hawan tsakiya ne, sau 8. Idan ƙarami ne, sau 2 ya isa. Duk wanda ke biyan mai cajin waya a kasuwa ko a bakin tasha ya san abin da bambancin sau 30 da sau 2 yake nufi ga aljihu. Mai sayen batir na zubarwa shi ma haka lissafinsa yake tafiya.

Babu mai iya zama a hawa ɗaya kullum, domin ayyuka sun bambanta. To, a ce a dare ɗaya an yi minti 10 a babba, minti 30 a na tsakiya, minti 80 a ƙarami. Awa 2 ɗin ce dai. Amma caji ɗaya zai kai kwana 5 har da saura. A wata sau 6 kawai za a je wurin mai caji.

Me ya sa babban hawa ke ɓarna?

Wani zai ce, ai babban hawa ya fi cin batir ne saboda ya fi haske, don haka ba a yi asara ba. Maganar ba ta tsaya nan ba. Akwai asara ta hanyoyi uku.

Ta farko daga ƙwan take. Ƙwan LED kamar jaki yake. Idan aka ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, zai yi nisa. Idan aka labta masa, zai gaji da wuri. Idan aka tura wa ƙwai wuta mai yawa, sai ya ɗau zafi, wani kaso na wutar ya tafi a banza. A sake duba misalin da ya gabata. Babban hawa ya ninka na tsakiya sau 4 wajen jan wuta, amma haskensa bai kai ninki 4 ba. Ninki 3 ne da ɗan ɗoriya. Duk wanda ya taɓa kan tocila bayan ta daɗe a babban hawa zai ji ɗumi. Wannan ɗumin kuɗin batir ne ke ƙonewa.

Ta biyu daga batir take. Batir na zubarwa, musamman mai araha da aka fi samu a tireda, ba ya son a ja shi da ƙarfi. An yi shi ne don abin da ke ci kaɗan-kaɗan, kamar rediyo da agogon bango. Idan aka ja shi da ƙarfi, ƙarfinsa zai faɗi tun bai ba da duk abin da ke cikinsa ba. Idan aka ja shi sannu a hankali, ana hutar da shi, zai ba da fiye da haka.

Ta uku daga idon mutum take. Ido ba ya ƙirga haske yadda ake ƙirga kuɗi. Sai an ninka haske wajen sau 4 kafin ido ya ga kamar an ninka shi sau 2. Saboda haka hawan tsakiya, wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku na babba ba, a ido yana kama da rabinsa ko fiye. Ban da haka, ido yana sabawa da duhu. Idan mutum ya yi minti 20 zuwa 30 a cikin duhu, ganinsa yakan ƙaru ƙwarai. Haske mai ƙarfi yana rushe wannan sabo nan take. Shi ya sa wanda ya kashe tocila mai ƙarfi yake zama kamar makaho na ɗan lokaci. Mai ƙaramin haske ba ya shan wannan wahala sosai.

Kowane aiki da haskensa

Ƙaramin hawa ya dace da aikin kusa. Neman ashana ko takalmi a ɗaka. Duba yaro mai barci. Cin tuwon dare. Ƙirga canji a tireda. Alwala da asuba. Zaman hira a zaure. Idan aka jingina tocila ta haska bango mai haske ko farin ƙyalle, hasken zai bazu ya game ɗakin.

Karatu da rubutu suna bukatar ƙaramin hawa ko na tsakiya, gwargwadon idon mutum. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci da ke bitar darasi da dare ya rataye tocila sama da littafi, ta gefe, don kada inuwar hannu ta rufe rubutu. Babban hawa a kan farar takarda kashe ido yake yi. Idan kuwa mutum ya ga yana matse ido kafin ya gane harafi, to ya ƙara haske. Ido ya fi batir tsada.

Hawan tsakiya na tafiya ne da aikin tsakar gida. Zuwa masallaci ko makewayi. Bai wa dabbobi abinci. Duba rumbu. Girki. Ban ruwa a fadama da dare.

Babban hawa na hangen nesa ne da lokacin larura. An ji motsi a garke. Kare yana haushi a bayan danga. Akuya ta ɓata. Ana son ganin zurfin ruwa kafin a haye rafi. Ungozoma ko ma'aikacin lafiya yana son ganin abu da kyau. A irin wannan lokaci a kunna shi, a ga abin da ake son gani, sannan a mayar ƙasa.

Hawa mai walƙiya kuwa ba na tsimi ba ne. Yakan ci wajen rabin abin da babba ke ci, kuma yana damun ido. Amfaninsa shi ne jan hankali, kamar idan mota ko babur ya lalace a kan titi da dare, ko ana neman agaji daga nesa.

Inda tsimi ba shi da amfani

Akwai wurin da bai kamata a yi ƙwauron haske ba. Shi ne hanya mai ciyawa, musamman da damina da lokacin girbi. Macizai da kunamu suna fita da dare. Kububuwa ƙarama ce, kuma launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a Arewa. Asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe ya yi suna a kan maganin saran maciji, kuma manoma da makiyaya ne suka fi cika shi.

Mai tafiya a irin wannan hanya ya kunna hawan tsakiya, ko babba idan ciyawa ta yi duhu. Ya haska ƙasa taku uku ko huɗu a gabansa, ba sama ba. Ya sa takalmi mai rufe ƙafa. Kada ya sa hannu cikin itace ko dami ko rami sai ya haska.

A nan ne amfanin tsimi yake fitowa. Wanda ya ƙone batirinsa a babban hawa wajen hira a zaure, shi ne tocila za ta mace masa a hanyar gona. Wanda ya yi hira da ƙaramin hawa zai tarar da ƙarfi a ajiye ranar da yake bukata.

Kada rubutun kwali ya ruɗi mutum

A kwalin tocila akan rubuta yawan haske da yawan awa. A yi hattara da abu uku.

Na farko, wasu masu tocila sukan rubuta hasken babban hawa, sannan su rubuta awoyin ƙaramin hawa a kusa da shi. Mai saye sai ya zaci zai samu duka biyun a lokaci guda. Ba ya yiwuwa.

Na biyu, akwai ƙa'idar auna tocila da aka fito da ita a Amurka a 2009, ana kiranta FL1. A ƙa'idar, ana ci gaba da ƙirga awa har sai haske ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin 10 na yadda ya fara. Wato idan an rubuta awa 6, ba a ce haske zai tsaya da ƙarfinsa har awa 6 ba. A tocila mai araha haske yakan fara raguwa tun da wuri, yana bin ƙarfin batir. Wasu masu tsada kuma da kansu suke rage haske bayan 'yan mintoci, don kada zafi ya lalata ƙwan.

Na uku, ana ƙarya a jikin batir. Akwai batir mai caji da ya ɗan fi babban yatsa tsawo, ana kiransa 18650. Shi ne a cikin tociloli da yawa. Na gaskiya yakan ɗauki tsakanin 2,000 da 3,500 mAh. Idan aka ga an rubuta 8,000 ko 9,900 a jikinsa, to ƙarya ce. Irin wannan sau da yawa ko rabin na gaskiya ba ya kaiwa, kuma a hannu za a ji ba shi da nauyi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Haka kuma ba kowace tocila ce ƙaramin hawanta yake ƙarami da gaske ba. A wasu, rabin babba ne kawai. Kafin a biya kuɗi, a sa mai kaya ya kunna, a ga duk hawan. A zaɓi wadda ƙaramin hawanta ya yi ƙasa sosai. Ta fi wadda ke kashe ido a kowane hawa amfani.

Gwajin da kowa zai iya yi

Gani ya kori ji. Mai tocila mai caji zai iya gano gaskiyar tasa da kansa. Abin da ake bukata shi ne agogo ko waya, da takarda, da alƙalami.

A cika tocila da caji. A kunna babban hawa, a rubuta lokaci. A ajiye ta a wuri mai iska, nesa da yara da katifa da ciyawa. Idan haske ya dushe har ba a iya karanta rubutu da shi, a kashe, a rubuta lokaci. A sake cika ta, a yi haka a hawan tsakiya. Ƙaramin hawa zai iya ɗaukar kwanaki, don haka a riƙa rubuta awoyin kowane dare, a tara su a ƙarshe.

Wannan aiki ne mai kyau ga ajin manya. Kowa ya kawo sakamakon tocilarsa, malami ya jera su a allo. An koyi lissafi, an kuma gane tocilar da ta cancanci saye a kasuwar garin.

Kula da batir

Kada a haɗa sabon batir da tsoho a tocila ɗaya. Tsohon zai ja sabon ƙasa, kuma yana iya yoyo.

Idan za a daɗe ba a yi amfani da tocila ba, a cire batir. Ruwan da ke fita daga batir yana cin ƙarfe. Wasu tocilolin ma suna ɗan jan wuta ko a kashe suke.

Kada a bar tocila mai caji ta mutu murus kafin a kai ta caji. Da zarar haske ya fara dushewa, a kai ta. Barin ta a mace kwana da kwanaki yana kashe batir ɗin gaba ɗaya. Kuma kowane batir mai caji yana da iyakar yawan cajin da zai ɗauka, 'yan ɗaruruwa ne kawai. Wanda ake cajinsa kullum zai riga wanda ake cajinsa sau ɗaya a mako tsufa.

Wasu sukan shanya batir na zubarwa a rana don ya farfaɗo. Rana ba ta zuba masa sabon ƙarfi. Ɗumi da hutu ne ke fito da ɗan ragowar da ke ciki, kuma ba ya daɗewa. Batir mai caji kuwa kada a kuskura a shanya shi, ko a kusanta shi da murhu, ko a huda shi. Yana iya kumbura ya kama da wuta.

Kada a ciji batir, kada a fasa shi, kada a bar yara su yi wasa da shi. Kada a jefa mataccen batir a wuta, ko kusa da rijiya, ko inda dabbobi ke kiwo.

A riƙa goge gilashin tocila da ƙyalle mai laushi. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu suna tare haske, su sa mutum ya hau babban hawa ba dole ba.

Abin tunawa

Batir randa ce, hawan tocila kuma ma'aunin ɗiba ne.

Aikin kusa, ƙaramin hawa. Tafiya da aikin tsakar gida, hawan tsakiya. Hangen nesa da larura, babban hawa na ɗan lokaci.

A hanya mai ciyawa kada a yi ƙwauron haske.

A gwada duk hawan tocila kafin a saya, kuma kada a yarda da kowace lamba da ke jikin kwali.

Magidanci ya nuna wa iyalinsa yadda ake sauya hawa, har yara da tsofaffi. Danna maɓalli sau biyu maimakon sau ɗaya ba ya cin lokaci, amma a ƙarshen wata za a ga bambanci a kuɗin cefane.